Sawun Taya a Kan Akwatin Gwanjo

Ranar da aka sallamo Baba daga asibiti, 'yarsa ta ƙi yarda ya koma ɗakin da yake haya shi kaɗai a bayan tashar mota. Ita ce ƙarama a cikin 'ya'yansa. Tun tana goye ake kiranta Auta, har ta yi aure ta kama aiki a ofishin ruwa sunan bai sake ta ba. Yayyenta duk suna nesa, sai dai a waya.

Ta ce, "Baba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gidana za mu tafi."

Ya ce shi ba jinka zai ɗauka ba, shayi kawai zai dafa. Ta yi kamar ba ta ji ba, ta kwashe magungunansa ta zuba a jaka.

Baba direban babbar mota ne a da. Ya tsufa yana dakon kaya daga wannan gari zuwa wancan, har idanu suka fara gajiya ya ajiye makulli. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ne ya kama shi wata safiya yana cikin wanke fuska. Allah ya sa abin ya zo da sauƙi. Baki ya dawo, ƙafa tana ɗan ja, amma hannun dama ya yi nauyi, yatsun ba sa naɗewa sai da lallashi.

Gidan Auta can saman wani dogon bene yake, ɗakuna biyu da falo da 'yar baranda mai kallon titi. Aka kwashe tarkacen ƙaramin ɗakin aka sa wa Baba gado. Mijinta kuwa ma'aikacin maɗaba'a ne, inda ake buga kalanda da katin gayyata. Ƙasan farcensa bai taɓa rabuwa da baƙi ba, shi ya sa 'yan unguwa ke kiransa Mai Tawada. Maɗaba'ar ta rufe tun kafin Baba ya kwanta ciwo, shi kuma bai samu wani wurin ba. Saboda haka da Auta ta rataya jaka ta fita da safe, sai gidan ya rage maza biyu da ba su san abin da za su ce wa juna ba.

"An tashi lafiya, Baba?"

"Lafiya lau. Ya gida?"

"Gida lafiya."

Alhali a gidan ɗaya suka kwana. Daga nan sai Mai Tawada ya shige falo da wayarsa yana bin waɗanda suka ce za su neme shi, Baba kuma ya ja kujera baranda yana kallon motoci. Likitar gashin ƙashi ta ba shi wata 'yar ƙwallon roba ta ce ya riƙa matsawa. Idan Auta na nan ya matsa, idan ta fita ya cusa ta a ƙarƙashin matashi.

Kayan sawarsa a buhu aka kwaso su, a buhun suka zauna. Wata ranar hutu Auta ta shiga kasuwar gwanjo ta dawo da akwatin ƙarfe, ita da mai gadin bene suna nishi a kan matakala. Akwatin ya ga duniya. Shuɗinsa ya koɗe, kusurwoyinsa sun yi tsatsa, marfin ya ɗan lotsa a tsakiya kamar an daɗe ana zama a kansa. A gabansa an rubuta sunan wani mutum da farin fenti, manyan haruffa. Da aka buɗe shi, warin kafur ya cika falon.

Baba ya dube shi ya ce, "Wannan na wane ne?"

"Naka ne, Baba. Na kayanka."

"To ai ga sunan mai shi nan a jiki."

"Ya sayar. Ni kuma na saya."

"Shi ya gaya miki ya sayar? In ya hauro bene yana nema fa?" Ya juya kai. "Ni da na ƙare rayuwata ina dakon kayan mutane, ban taɓa buɗe akwatin wani ba. Sai yanzu zan zuba wandunana a ciki?"

Auta ta mayar da marfin ta rufe. Ta gaji, kuma abin ya sosa mata rai. Ta ce da mijinta ya kai shi baranda kawai. Nan akwatin ya zauna, Baba ya mayar da shi wurin ɗora ƙafa.

Kwanaki bayan haka Mai Tawada ya fito barandar da tsohuwar wuƙa, ya ce, "Baba, ko za a ɗan ɗaga ƙafa?" Ya tsuguna ya fara kankare sunan. Farin fentin ya tashi, amma inda haruffan suka zauna shuɗin bai koɗe ba, sai sunan ya sake fitowa ɓaro-ɓaro, wannan karon da shuɗi mai duhu.

Baba da ke kallo ya ce, "Mutumin nan ba ya son tashi."

Mai Tawada ya yi dariya, ya yi saurin kame bakinsa.

"Fenti za ka shafa masa?"

"Da shi na so, Baba. Amma warin fenti yana tayar wa Auta da ciwon ƙirji. Ina tunanin a lulluɓe shi da takarda."

Ya shiga ciki ya jawo wani kwali daga bayan kujera. Lokacin da maɗaba'ar za ta rufe, mai ita ya ce kowa ya ɗauki abin da ya rage. Wasu sun ɗauki kujeru, wani ya ɗauki fanka. Shi ya ɗauko rarar takardun da ake yankewa a gefe, da ragowar tawada a gwangwanaye, da 'yar rolar hannu da ake murza tawada da ita. Tun da ya ajiye kwalin bai sake buɗe shi ba sai ranar.

Baba ya taɓa takardun da hagunsa. Yawancinsu farare ne, sai 'yan ruwan ƙasa.

"Fari? Sai ka ce an naɗe akwatin da bandeji. Na ƙoshi da ganin fari a asibiti."

"Ai sai mu buga musu zane."

"Da wane inji?"

"Ba sai da inji ba."

Ya shiga banɗaki ya fito da warin silifa guda. Ya zauna a ƙasa da reza, ya yanko faifai daga robar, ya sassaƙa mata siffa. Ya lakato koriyar tawada ya shimfiɗa a kan tsohon farantin tangaran, ya murza rolar har ta fara wata 'yar ƙara kamar ana soya abu a nesa. Ya shafa wa robar, ya kifa ta a takarda, ya danna da tafin hannu, ya ɗaga.

Baba ya sunkuya ya duba.

"Kifi ne?"

"Ganye ne, Baba."

"To Allah ya ba shi lafiya."

Mai Tawada ya buga wasu a jere. Da suka yi yawa sai suka fara kama da ganye, har Baba ya yarda. Amma hankalinsa ya koma kan ragowar silifar da ke yashe. Ya sa ƙafa ya juyo ta, ya ƙura wa ƙasanta ido.

"Buga min wannan. Ƙasan."

Aka shafa baƙar tawada a ƙasan silifar aka danna. Sai ga wasu layuka masu lanƙwasa sun fito a jere, kamar sawun ƙaramar mota a laka. Baba ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Wannan tayar ta cinye. Akwai mai faci a ƙasan benen nan, ina ganinsa daga nan. Je ka ce ya ba ka guntun tsohuwar taya, ta babur ko ta keke, wadda haƙoranta ba su gama suɗewa ba."

Ranar ce farkon da Baba ya aiki surukinsa. Shi ma sai da maganar ta fita ya lura, ya ƙara da cewa, "In ba takura." Mai Tawada har ya kai ƙofa.

Ya dawo da guntaye iri-iri, ya wanke su da sabulu, ya kafe kowanne da ƙusa a kan ɗan katako don ya kwanta. Taya ba silifa ba ce, tana son nauyi kafin ta ba da zanenta. Ya ce, "Baba, ni in riƙe takarda, ku danna." Baba ya danna da hagu. Zanen ya fito rabi, gefe ɗaya baƙi ƙirin, ɗaya gefen kamar inuwa.

Mai Tawada ya ce, "Hagu na karkata. A ɗora duka biyun."

Baba ya dubi hannun damansa da ke kwance a cinya. Ya sa hagu ya ɗago shi ya ɗora a kan katakon, ya ɗora hagun a sama, ya sake nauyin kafaɗunsa. Da aka ɗaga, sawun ya fito cif, har da wata 'yar tsaga da ke jikin robar.

Baba ya nuna ya ce, "Ka ga wannan tsagar? Kwalba ya taka. Mai babur ɗin nan ba ya duban gabansa."

Daga nan hira ta ɓalle. Baba ya ba shi labarin hanyoyin da babu kwalta, lokacin damina, yadda direba zai sauko ya duba sawun wanda ya riga shi wucewa kafin ya yarda ya shiga. In sawun ya nutse sosai, na gaba da lodi yake, kuma ya wuce, kai ma za ka wuce. In ka ga sawun ya yi ta zagaye a wuri ɗaya, to nemi inuwa ka shimfiɗa tabarma. Mai Tawada yana murza rola yana saurare, yana tambaya. Ba su ankara ba sai da takardu suka rasa wurin ajiya a ƙasa, suka koma shanya su a igiyar wanki, suna maƙale su da abin maƙale kaya.

Da yamma Auta ta dawo ta tarar da igiyarta cike da takardu, kore da baƙi da ja suna kaɗawa. Ta tsaya ta kalla, ta wuce ciki. Jim kaɗan muryarta ta fito daga banɗaki.

"Wai ina warin silifana?"

Mazan biyu suka ci gaba da shanya takardu.

Ta leƙo. "Da ku nake."

Mai Tawada ya sunkuyar da kai yana goge rola kamar ransa a kanta yake. Baba ya kalli titi ya ce, "Ni baƙo ne a gidan nan, ban san ma'ajiyar kowa ba."

Ta dubi mahaifinta, ta dubi mijinta, ta dubi ganyen da ke reto a kan igiya. Ta koma ciki da takalmi wari ɗaya. Suna jin ta tana dariya ita kaɗai.

Da takardu suka taru suka bushe, aka zo liƙawa. Mai Tawada ya dama sitaci a tukunya, suka shafa, suka lulluɓe gefe guda, ya yi kyau har suna ja da baya suna kallo. Aka kwana ana ruwan sama. Da gari ya waye, takardun duk sun naɗe sun zubo ƙasa, bayansu ya yi jajir da tsatsa.

Baba ya ce, "Aikin banza, makaho da waiwaye." Ya zauna a kujerarsa.

Mai Tawada ya tsuguna yana tsince takardun ɗaya bayan ɗaya, a hankali fiye da yadda aikin ke buƙata. Da sassafen nan aka kira shi daga wani wurin da ya sa rai, aka ce sun ɗauki wani. Baba ya ji ƙarshen wayar ta bango. Ya bar shi ya gama tsincewa, sannan ya ce, "Laifin tsatsa ne. Ko bodin mota, in ba ka goge ta ba, duk abin da ka shafa a kai tashi zai yi. Samo mana takardar goge ƙarfe, mai kaushin nan. Kuma sitaci na riga ne. Ka tambayi kafinta farin gam."

Suka wuni suna gurza. Mai Tawada ya ɗauki kusurwoyi, Baba ya naɗe takardar a ɗan katako yana bin marfi, hannun dama a ƙasa, hagu na tura shi. Jan gari ya rufe musu ƙafafu. Cikin gurzar ne Baba ya yi magana ba tare da ya ɗago ba.

"Na taɓa zama ba mota. Mai motar ya sayar da ita, ya sallame mu. Lokacin Auta tana rarrafe. Kullum in yi wanka in sa riga in fita kamar mai zuwa wani wuri, in je in zauna a tasha in dawo."

"Mama ba ta ce komai ba?"

"Da ta ce, ai da na samu abin faɗa. Sai dai ta ajiye min abinci ta ce sannu da zuwa. Wannan sannun ya fi mari zafi." Ya hure garin tsatsa. "Daga baya na gane ita da gaske take yin sannun. Ni ne nake jin wani abu dabam."

Mai Tawada ya ci gaba da gurza kusurwarsa. Can ya ce, "Auta ma haka take yi."

"Gado ta yi. Ba ta da wata manufa. Ci abincinka kawai."

Farin gam ya kama kamar ƙaska. Sai dai wata rigimar ta taso. Almakashi ya gagari Baba, don haka ya koma yaga takarda: ya danne ta da hannun dama, ya ja da hagu. Bakin yagar ya fi na almakashi kwanciya, ba ya tashi, wannan Mai Tawada ya yarda da shi. Abin da bai yarda da shi ba shi ne tsarin. Shi mutumin maɗaba'a ne, ya saba komai ya tsaya a layi, har da ma'auni yake aunawa yana sa alama da fensir. Baba kuwa duk inda hannunsa ya sauka nan yake manna tasa.

"Baba, wannan ta karkace."

"Kwana ce."

"Ta hau kan ganyen."

"Ai haka mota ke yi in ta kauce wa rami."

Mai Tawada ya ɗaga ta a hankali ya daidaita. Ya juya ɗauko gam, kafin ya juyo ta koma yadda take. Ƙarshe suka yi rabo: jikin akwatin na Mai Tawada ne, ya jera ganyensa da layukansa yadda ransa ke so, marfi kuma na Baba, ba mai sa masa baki.

Auta takan dawo ta same su kowa a ɓangarensa, rediyo na yi ba mai saurare, kofunan shayi sun huce da tabon tawada a jiki. Ta daina tambayar ƙwallon roba. Wata rana da take gyara gadon Baba ta gan ta a ƙarƙashin matashi, ta mayar da ita inda ta same ta.

Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. Akwai ranar da Baba ya miƙa hannun dama zai jawo gwangwanin jar tawada, don ya fara yarda da hannun. Yatsun suka saki a hanya. Gwangwanin ya kife a kan tarin takardun da ya ware wa tsakiyar marfi, waɗanda ya fi so. Ya zauna yana kallon jan yana bin su. Ya dafa bango ya miƙe, ya shiga ɗaki ya tura ƙofa.

Mai Tawada bai bi shi da ban haƙuri ba. Ya kwashe waɗanda suka lalace ya zuba a shara, ya goge ƙasa da tsumma, ya wanke farantin. Da ya gama ya dafa shayi, ya ƙwanƙwasa.

"Baba, ja ta ƙare. Saura kore da baƙi da 'yar rawaya a gindin gwangwani. Da wacce za mu sake?"

Can muryar Baba ta fito daga ciki.

"Na ɓata maka tawada."

"A wurin aikinmu, kafin inji ya daidaita da safe, abin da muke zubarwa ya ninka wannan. Har kwando muke da shi na musamman. Ni na taɓa buga wa wani kalanda da wata guda sau biyu a ciki, sai da ya rarraba wa mutane aka gani."

Daga ciki aka ce, "Wane wata?"

"Na azabar zafi."

Aka ji gado ya yi ƙara. Ƙofa ta buɗe. Baba ya karɓi kofin ya ce, "Kawo rawayar mu gani."

Jikin akwatin ya kammala, marfi ya kai rabi, sai aka kira Mai Tawada. Wani kamfani ne da ke buga kwalayen magani can ƙarshen gari, suna neman wanda ya san inji, kuma suna so ya fara da shigowar mako. Auta ta rasa inda za ta sa kanta don murna, ta kira yayyenta ɗaya bayan ɗaya. Baba ya ce, "Madalla. Allah ya sa albarka, ya sa ka daɗe a ciki." Da gaske yake. Amma bayan an ci abinci ya fita baranda ya zauna kusa da akwatin, ya yi ta shafa inda aka tsaya da babban yatsa.

Mai Tawada ya biyo shi ya ce, "Mu bar sauran sai ranar hutu, Baba. Mu ƙarasa tare."

"Je ka yi aikinka. Marfi ai nawa ne."

Da makon ya shigo, gidan ya yi tsit tun da safe. Baba ya kunna rediyo, ya kashe. Ya jawo kujera gaban akwatin. Buɗe robar gam kaɗai ya ci masa lokaci, sai da ya matse ta tsakanin gwiwoyi ya sa bakin cokali. Ya yaga, ya shafa, ya manna, ya bi kowace da gefen hannun dama yana korar iskar da ta maƙale a ƙasa. Rana ba ta kai tsaka ba cokali ya fara kankarar gindin robar. Gam ya ƙare, ga kusurwa guda tsirara.

Ya dubi kusurwar, ya dubi ƙofa. Tun da aka hauro da shi benen nan bai taɓa sauka ba sai da wani a gefensa. Ya sa hula, ya cusa robar a aljihu don kada a ba shi wani iri, ya ɗauki sandarsa.

Saukar ta fi yadda ya zata sauƙi, in dai ƙafar kirki ta bi ta baya. Mai gadi ya taso da gudu zai riƙe shi, ya ce, "Bar ni, ba faɗuwa na zo yi ba. Ina shagon kafinta?" Mai faci ya ɗago daga kan taya ya gaishe shi, ya ce ashe shi ne tsohon da ke aiko a kwashe masa shara. Kafinta ya ba shi benci ya zauna, ya cika masa robar, ya tambayi abin da ake liƙawa haka da gam ba ya kwana. Da ya ji, sai ya ce in an gama a shafa man sheƙi na katako a sama, in ba haka ba datti zai kama takardar. Ya ɗan zuba masa a kwalba. Ya ce a shafa a waje, a bar shi ya sha iska.

Hawan ne ya nuna masa shekarunsa. Ya huta a kowane hawa, kwalba a aljihu ɗaya, gam a ɗayan. Wata maƙwabciya ta buɗe ƙofarta ta ba shi ruwa, ta raka shi har bakin ƙofa tana yi masa faɗa kamar ta san shi tun da.

Da Mai Tawada ya dawo da yamma, a gajiye, da sabuwar tawada a farce, ya wuce baranda kafin ya cire takalmi. Marfin ya rufu ruf. Sawun taya baƙi da rawaya sun ratsa shi, wani ya hau wani, wani ya ɓace a ƙarƙashin ganye ya ɓullo can gaba. Inda marfin ya lotsa takardar ta ɗan tattare. Ya ga robar gam cike, ya ga kwalbar da bai sani ba.

"Baba, wa ya kawo waɗannan?"

"Ƙafa."

"Auta ta sani?"

"Kai za ka gaya mata?"

Ba sai an gaya mata ba, mai gadi ya riga su tun a ƙofar bene. Ta hauro da faɗanta a baki, ta ga akwatin, faɗan ya tsaya. Ta tsuguna ta zagaye shi da kallo, ta taɓa wani ganye ta ce, "Silifana ke nan." Sannan ta tuna, ta yi faɗan, amma ba shi da ƙarfi.

Ranar hutu suka tura Auta gidan ƙawarta saboda wari, suka shafa man sheƙin. Launukan suka ƙara duhu, suka fito kamar an jiƙa su. Baba ya ce a ƙara shafi na biyu, a cika shi sosai a bakin marfi, nan hannu ya fi taɓawa. Da suka ga hadari ya taso, suka rufe akwatin suka jawo shi gindin bango, suka shiga ciki.

Washegari Baba ya jawo buhun kayansa da kansa har baranda. Auta ta tsaya a bakin ƙofa da kofi a hannu. Ya kama marfin ya ɗaga, marfi ya ce bai san zancen ba. Mai Tawada ya zo ya gwada, ya ja har akwatin ya tashi daga ƙasa gaba ɗaya. Man ya bushe a tsakanin marfin da jikin, ya haɗe su kamar tare aka ƙera su.

Suka dubi juna.

"Wa ya ce a cika shi a bakin marfi?" in ji Auta.

"Wa ya rufe tun bai bushe ba?" in ji Baba.

"Tare muka rufe, Baba," in ji Mai Tawada.

Auta ta ajiye kofin don kada ya zube, ta jingina da ƙofa tana dariya har da hawaye. Mai Tawada ya ɗauko sabuwar reza ya tsuguna. Baba ya zauna a kujera ya dafe akwatin da hannu biyu don kada ya motsa, yana ce masa ya bi a hankali, kada ya yanka masa kwana. Rezar ta zagaye bakin marfin, kusurwa bayan kusurwa. Da ta dawo inda ta fara, Mai Tawada ya sa yatsu ya ɗaga, marfin ya saki da wata ƙara kamar an ɓare sabon burodi.

Baba ya leƙa ciki, ya shinshina, ya ce a bar shi a buɗe ya sha iska zuwa gobe. Ya tura buhun gefe da ƙafa, ya ce da Auta in da sauran ruwan zafi ta ƙaro musu shayi.